Ƙauyen da Teku Ke Cinyewa a Bayan Washington

Mun tashi da asuba ranar Asabar ɗin da ta wuce. Ana idar da salla muka kulle ɗaki muka sauko daga benenmu na Silver Spring, ni da maigida. Yara tun ran Juma'a muka kai su wurin maƙwabciyarmu 'yar Kafanchan, wadda ta ce mu tafi abinmu, in sun yi rigima ta san maganinsu. A ƙasa wata abokiyar aikina na jiran mu cikin 'yar ƙaramar motarta. Baƙar fatar Amurka ce, tare muke aikin nas a sashe ɗaya na asibiti. Mu kuma muka shiga wata a-kori-kura ta aro, ta wani mutumin Jos mai gyaran gidaje. Da zai ba da mabuɗi sai da ya yi wa maigida huɗuba: ƙofar direba ba ta buɗuwa daga ciki, kuma in motar ta fara tari a hanya kada a tsorata, gaisuwarta ke nan.

Abin da ya fitar da mu shi ne ɗauko mahaifiyar abokiyar nan tawa. Tsohuwa ce, ita kaɗai take zaune a wani ƙauye can ƙetaren mashigin tekun Chesapeake, a kan wani tsibiri da siririyar hanya ta haɗa shi da tudu. An daɗe ana roƙon ta ta dawo birni tana ƙi. Sai a kakar bana, bayan ruwa ya shigar mata har kicin ya ɗaga kujeru, ta ce to, a zo. Da abokiyata ta ba ni labari a wurin aiki na ɗauka ambaliya ce irin wadda muka sani, ruwan sama ya yi yawa, ya yi ɓarna, ya wuce. Ta ce a'a, ranar ko hadari babu. Teku ne ya taso ya shigo, kuma kowace shekara ƙara matsowa yake. Ban gane ba, kunya kuma ta hana ni sake tambaya. Na dai ce za mu zo da mota da hannu. Gaskiya har da son yawo a ciki, don tun da na zo ƙasar nan ban san ko'ina ba sai asibiti da kantin cefane da tashar jirgin ƙasa.

Muka kama babbar hanyar gabas, ita a gaba mu a baya, taswira a cinyata ko da za mu ɓace wa juna. Mun bi ta gefen Bowie gari bai gama wayewa ba, gidaje a jere, ciyawar ƙofar kowanne a aske, motoci a ajiye bibbiyu. Bayan Annapolis sai ga gadar. An sha ba ni labarinta, amma gani ya kori ji. Ni a Yauri aka haife ni, a bakin Kwara, cikin kwalekwale na tashi, ina taƙamar na san ruwa. Ranar na janye taƙamar. Gadar hawa take yi kamar za ta kai mutum sama, sannan ta lanƙwasa, ga ruwa can ƙasa dama da hagu ba a ganin ƙarshensa. Aka karɓi kuɗin wucewa a bakinta, maigida ya damƙe sitiyari da hannu biyu. Motar kuwa a nan ta ga damar fara gaisuwarta. Na ji yana karanta abin da ya sawwaƙa a hankali. Da muka sauka na ce masa, "Ashe malam har addu'ar gada ya iya." Ya ce, "Ke ma ai na ga bakinki na motsi."

Ƙetaren gadar wata ƙasa ce daban, a shimfiɗe kamar faifai. Masara ta bushe ana girbin ta da injuna, ga gonakin waken soya, ga ɗakunan kiwon kaji dogaye kamar taragun jirgi, waɗanda warinsu kan iso kafin ka gan su. A bakin hanya manoma sun baje kabewa da tumatir da dankali. Kwandon tumatir cike kuɗinsa bai kai na 'yan ƙwayoyin da nake saya a leda a Silver Spring ba. Har na fara tunanin miyar wata guda, maigida ya tuna mini bayan motar na kayan tsohuwa ne. Mun tsaya a wani gidan mai, man ya ɗan fi na birni sauƙi. A shagon wurin duk abin karin kumallon da na nuna sai a ce da naman alade a ciki, har ƙwan. Allah ya taimake mu na soya ƙosai kafin mu fito, na cika filas da shayi. Abokiyata ta ci ta ce su ma a gidansu ana dafa irin wannan waken, sai dai ba wanda ya taɓa tunanin niƙa shi. Mutanen shagon suka yi ta kallon zanena da ɗankwali. Ba kallon mugunta ba ne, irin wanda a ƙauyenmu za a yi wa Baturen da ya tsaya sayen gyaɗa ne.

Daga nan muka bar babbar hanya muka yi kudu. Hanya ta yi ta ƙanƙancewa, gonaki suka ƙare, fadama ta fara, ciyawa mai kama da kacalla iya ganinka, ƙananan rafuka na ratsa ta. Sai na fara ganin wasu itatuwa. Dogaye ne, a tsaye, ba iyaka, amma duk a mace. Ba ganye, ba ɓawo, fari fat kamar ƙashi, gindinsu cikin ruwa. Na ɗauka gobara ce ta bi ta kansu. Ina cikin kallon su motar gaba ta tsaya. Muka fito muka ga dalili: hanyar ta shige cikin ruwa. Ana hango inda ta sake ɓullowa can gaba, amma tsakani ruwa ne kwance, har da ƙananan kifaye na yawo a kan kwalta.

Ga waɗanda ba su taɓa zama bakin teku ba, shi teku cika yake yi ya janye sau biyu a rana, tun da Allah ya yi shi. Abokiyata ta ce lokacin da take yarinya cikar ba ta kaiwa kwalta sai in an yi guguwa. Yanzu kuwa duk tsayuwar wata da tsakiyarsa sai ta rufe hanyar, motar asibiti ma ta tsaya ta jira kamar kowa. Matattun itatuwan nan, in ji ta, daji ne mai duhu a da, nan suke shiga tsinkar 'ya'yan itace. Gishiri ne ya bi ta ƙasa ya kashe saiwoyinsu. Ta nuna wani fili da ruwa ke ƙyalli a kansa ta ce gonar tumatir ɗin kawunta ce. Maigida, da yake karatun injiniya yake yi, ya ce tun da aka shiga shekarun tamanin ɗin nan yake ganin ana ɗan taɓa zancen a jaridu: ƙasar wannan yanki nutsewa take a hankali, shi kuma teku yana ƙara tudu saboda duniya na ɗumama da hayaƙin masana'antu da motoci. Ta ce ita ma ta karanta. Sannan ta ce mu juya mu dubi damanmu.

Daidai inda muka tsaya hanyar ta rabu biyu. Reshen dama an ɗaga shi da tsakuwa ya yi tudu, an zuba masa sabuwar kwalta baƙa wuluk, ko ɗigon ruwa babu a kai. A bakinsa ƙofar ƙarfe ce da kwaɗo, da allo mai cewa ba a shiga. Ta ce hanyar wata ƙungiyar masu farautar agwagin ruwa ce, masu kuɗi daga Washington, suna zuwa 'yan makonni a shekara su yi harbi su ci su sha su koma. Sun saye wancan ɓangaren tsibirin, sun sami izini sun jera manyan duwatsu a gaɓarsu don kada igiyar ruwa ta ci musu ƙasa. Mutanen ƙauye kuwa tun tana sakandare suke zarya wurin hukuma, a ɗaga musu hanya, a zuba musu duwatsu a bayan coci. Kullum amsa ɗaya ce, wai ba su da yawan da za a yi wannan ɗawainiya a kansu. Duk shekarar da aka ƙi yi sai wasu su gaji su tashi, shekara mai zuwa a ce ai kun ma ƙara raguwa. A nan raina ya fara ɓaci, kuma har yau da nake wannan rubutu bai dawo daidai ba.

Sai da hantsi ya yi sosai ruwan ya ja baya, muka lallaɓa muka wuce. Ƙauyen layi ɗaya ne na gidajen katako, da wani farin coci a ƙarshensa an ɗora shi a kan bulo. Gidajen da babu kowa sun fi waɗanda ake ciki yawa. Wani ya karkace, wani ciyawar fadama ta tsiro ta tsakiyar barandarsa. A jikin kowane bango akwai layi-layi na laka da gishiri, shaidar inda ruwa ya taɓa tsayawa, kuma sababbin layukan su ne a sama.

Mama, haka kowa ke kiran ta mu ma muka bi, ta tare mu a baranda sanye da takalman roba har gwiwa. 'Yar ƙaramar mace ce, ba ta kai kafaɗata ba. Da ta riƙe hannuna na ji yatsunta a lanƙwashe, duk tabo. Tun tana budurwa take aikin ɓare ƙaguwa a wata masana'anta ta bakin ruwa, har aka rufe ta. Ta shafa zanena ta ce, "'Yata, daga ina?" Na ce daga Najeriya. Ta ce, "Kin sha hanya. Ku shigo, ba a ɗaga kaya da yunwa."

Ta shimfiɗa tsofaffin jaridu a kan tebur ta juye tulin ƙaguwa a kai, dafaffu, jajur da yaji, ga burodin masara mai zafi a gefe. A Yauri muna ganin ƙaguwa a bakin kogi, amma a gidanmu ba a taɓa sa ta a tukunya ba. Maigida kuwa Bakano ne, ya zura mata ido kamar an zube masa kunamu. Mama ta ba kowa 'yar gudumar katako. Kafin in fasa ɗaya ita ta gama da uku, ba ta ma kallon hannunta. Da ta ga maigida na ta kokawa da ƙafa guda har gumi ya keto masa, sai ta janye ƙaguwarsa ta riƙa ɓare masa tana tara tsokar a gabansa. Ya ci da ɗari-ɗari, daga baya ya manta da kunya. Naman fari ne, da ɗan zaƙi, ya fi kifin da na sani laushi.

Yaji ya kama ni na tashi zan ɗebi ruwa a famfo, ta riƙe ni ta ce in ɗanɗana kawai, kada in haɗiye. Zartsi ne, har da ɗaci. Rijiyarta gishiri ya shiga tun shekarun baya. Ruwan sha a jarka wani dattijon cocinsu ke kawo mata daga tudu. A bayan gida ta nuna mini inda lambunta yake a da, yanzu laka ce mai farin gishiri a sama, da busasshen ɓauren da mijinta ya dasa. 'Yan ganyen miyar da take nomawa a cikin bokitai suke, ta jera su a kan wani tsohon tebur don kada ruwa ya kai gare su.

Muka shiga ɗaure kaya. Keken ɗinki, gadon ƙarfe, tukwane, hotunan bango, kujerarta mai lilo. Katakon daɓen ɗakin ya yi laushi, har ƙafar maigida ta burma a wani wuri. Mama ba ta ɓata lokaci, wannan a ɗauka, wancan a bari, kamar mai sallamar kayan wani. 'Yarta ce ke shiga banɗaki tana fitowa da jan ido. Da lokacin salla ya yi Mama ta ciro wankakken zanen gado ta shimfiɗa mana a baranda, ta hana 'yarta buga tukwane har muka haɗa azahar da la'asar muka idar.

Muna cikin ɗora kaya wata babbar mota mai ƙyalli ta tsaya a ƙofar gidan. Wani Bature ya fito, mai matsakaicin shekaru, sanye da kayan farauta sababbi fil. Ya cire hula ya gaida Mama da ladabi. Abokiyata ta raɗa mini cewa shi ke kula da harkokin ƙungiyar mafarautan nan, kuma ba yau ya fara zuwa ba. Labarin kwashe kaya ne ya kai masa. Da ya gan ni ya tambayi ƙasata. Ina faɗa fuskarsa ta canza, ya dafa ƙirji ya ce ya ga hotunan yunwar Afirka a talabijin, yaran nan sun hana shi barci, shi da matarsa har sun ba da gudummawa. Na ce mun gode, don haka aka tarbiyyantar da ni. Ban tsaya yi masa bayanin cewa Afirka ba gari ɗaya ba ce.

Sai ya juya wurin Mama da wannan murya mai taushi. Ya ce tunda tafiya za ta yi, su a shirye suke su karɓi filin. Ta dai san ba shi da wata daraja yanzu, in ji shi, nan da 'yan shekaru duk ruwa ne, ba mai saye in ba su ba, su ma don taimako ne. Abokiyata ta tambaye shi, in ba shi da daraja me za su yi da shi? Ya yi murmushi ya ce agwagi na son irin wannan wuri.

Mama ta ajiye tukunyar da ke hannunta ta ce, "Tun da kuka jera duwatsunku, ruwan da ke dukan gaɓarku nan yake juyowa. Ka sani?"

Ya ce shi ba masani ba ne a wannan fanni.

Ta ce, "To ba na sayarwa. In teku ya gama cinyewa sai ka je ku yi ciniki da shi."

Ya mai da hularsa, ya yi mana fatan sauka lafiya, ya ja motarsa. Mutumin nan tausayinsa ya ƙetare teku ya kai Afirka, amma ya kasa ƙetare rafin da ke tsakaninsa da tsohuwar nan. Ladabin nasa ne ya fi ƙona ni. Da zagi ya yi da na san abin da zan ce masa.

Sai na tuna kakata ta wajen uwa. Cikin Gungawa take, mutanen tsibiran Kwara. Ina yarinya aka yi madatsar ruwa, tafki ya cika, aka kwashe su daga gungunsu. Har ta rasu tana ƙorafin gidan simintin da aka ba su, wai ga zafi ga nisa da ruwa. Amma ko ba komai an zo an dube su, an gina musu wani abu a tudu, an kawo motocin kwasa. Mu ke nan da ake tara wa gudummawa. A nan kuwa, tafiyar safiya ɗaya daga fadar gwamnatin da ta fi kowace arziki a duniya, tsohuwa na barin garin kakanninta a cikin a-kori-kurar aro ta mutumin Jos.

Da rana ta karkata ruwa ya janye iyakar janyewarsa. Mama ta ce saura abu ɗaya, mu bi ta bayan coci. A can muka sami dattijon nan mai kawo mata ruwa, dogo siriri, ya ma fi ta shekaru. Ya ara mana takalman roba daga wani ɗaki a cocin. Muna tafiya yana ba mu tarihi. Bayan an 'yanta bayi kakanninsu suka sayi wannan wuri da guminsu. Shi kaɗai aka yarda a sayar wa baƙar fata, don ya fi ko'ina kwari, tudun kuwa masu shi suka riƙe abinsu. Na ce a raina, ashe tun ranar farko an san wanda ruwa zai fara ci.

A wannan ƙasa ba a haƙa kabari da zurfi, don kana fara haƙa za ka tarar da ruwa. Akwatin siminti suke yi, a saka akwatin gawa a ciki, a rufe da murfin siminti daidai da ƙasa, a kafa dutse mai suna a wajen kai. Kaburburan da ke jikin coci suna nan daram. Na tsakiya sun karkace, laka ta hau kansu. Na bakin gaɓa kuwa wasu sun faɗa rafi, ana hango kusurwarsu a cikin ruwa. Dattijon ya ce bayan wata guguwa sun tarar da akwatin gawa yana yawo a fadama, suka bi shi da jirgin kamun ƙaguwa, suka ɗaure shi da igiya a jikin itace har ruwa ya sauka. Ƙanwar mahaifiyarsa ce a ciki. Ya faɗi wannan kamar mai ba da labarin akuyar da ta tsinke.

Kabarin mijin Mama yana dab da bakin ruwa, ƙananan ƙaguwa na gudu a kan murfinsa. Ta sunkuya ta share lakar da ke kan sunan da tafin hannu. Abokiyata ta ce mini sun taɓa tambayar yadda za a tone shi a mai da shi tudu, aka ce musu wannan lamarin iyali ne, ɗawainiyar kuwa ta fi ƙarfinsu. Mama ta miƙe ta ce wa dattijon, "Da dutsen zan tafi."

Ya ce, "In kin cire, wa zai san inda yake kwance?"

Ta ce, "Wa ya rage da zai zo nema? Ni ce mai zuwa, ga shi zan tafi. Ba zan bar wa ruwa sunansa ba."

Dattijon ya juya ya tafi. Na ɗauka fushi ya yi, sai ga shi da shebur da baro. Maigida ya matso kusa da ni ya ce da Hausa, "Anya ya halatta mu sa hannu a wannan?" Na ce, "Karɓi shebur ɗin, in mun koma sai ka tambayi malam." Ya naɗe hannun riga. Dutsen ba babba ba ne, amma gindinsa ya nutse a laka, laka kuwa ba ta son saki. Suka haƙa, suka girgiza, mu mata muka tura, har ya fito. Dattijon ya kafa guntun bututun ƙarfe a gurbin, ya buga shi da bayan shebur. Ya cire hula ya yi addu'a irin tasu, mu kuma muka jira har ya gama.

Na tambaye shi ko shi ma yana shirin tashi. Ya nuna wani kabari a tsakiya ya ce na matarsa ne, filin da ke gefensa nasa ne. Waɗanda suka rage a garin duk tsofaffi ne, shi ke kawo musu ruwan sha, shi ke buɗe coci ran Lahadi komai ƙarancin masu zuwa. "Abin da ban sani ba," in ji shi, "wa zai haƙa nawa."

Mama ta naɗe dutsen da bargon gadonta, aka kwantar da shi a bayan mota tsakanin katifa da keken ɗinki. Ta zagaya ɗakuna ta rufe tagogi, ta share baranda, ta kulle ƙofa ta miƙa wa dattijon mabuɗi. Ba su yi doguwar sallama ba. Cewa kawai ya yi mu hanzarta kafin ruwa ya dawo. Ta ƙi shiga motar 'yarta, ta ce inda dutsen yake nan za ta zauna, don haka muka sa ta a tsakiyarmu.

Ba ta waiwaya ba. Da muka zo mararrabar nan muka jiyo ƙarar bindigogi daga bayan ƙofar ƙarfe. Maigida ya murɗa rediyo, ashe kaset ɗin mai motar na ciki, waƙoƙin coci ne da Hausa. Zai kashe Mama ta dafa hannunsa. Ta ce ta san wannan karin, da shi suke rufe sujada a cocinsu. Ta riƙa bin sa da Turanci a hankali, kaset na yi da Hausa, mu Musulmi biyu muna dama da hagunta. Ta tambaye ni me suke cewa, na fassara mata, ta ce haka ne, ba su canza komai ba. A haka muka hau gada rana na faɗuwa. A tsakiyarta ne kaɗai ta miƙa wuya ta gaban maigida ta kalli kudu, ta koma ta zauna.

Mun iso Silver Spring bayan isha'i. Ɗakin abokiyata can saman bene yake. Muka yi ta jigilar kaya a lif, na'urar hawa bene, dutsen ne ƙarshe. Maigida da mai gadin ginin suka ɗauka, mai gadin bai tambayi abin da ke cikin bargon ba. Aka jingina shi a 'yar barandar da ke kallon wurin ajiye motoci. Mama ta yi mana godiya, ta cusa wa maigida ƙunshin burodin masara wai na jikokinta. Washegari muka mai da motar da laka har gilashi.

Kafin wannan tafiya, in aka ce teku na ƙaruwa zancen masu bincike nake ɗaukar sa. Yanzu na gan shi a bangon gida, na ɗanɗana shi a famfo. Hawan tekun ba zan ce ga mutum ɗaya da zan kama da laifi ba, duk mai tuƙa mota yana da nasa kason, har mu. Amma wanda za a zuba wa dutse da wanda za a ce ya jira, wannan kam mutane ne suka zauna a ofis suka yanke, suka tashi suka tafi gida suka ci abinci. Ran Litinin na ba da labarin a ɗakin shan shayi na asibiti, cikin likitoci da nas-nas haifaffun nan. Ba wanda ya taɓa jin sunan ƙauyen. Wata ta ce ai wajen can ne ake samun ƙaguwa mai daɗi, aka koma hirar ƙaguwa. 'Yan uwa na gida masu cewa mu da ke Amurka mun shiga aljannar duniya, ku haɗa da wannan in kuna ba da labarinmu. A nan ma ana barin gari ya mutu da mutanensa a ciki, sai dai ana yi ne da ladabi.

Jiya bayan na tashi aiki na biya na gaida Mama. Na same ta a baranda da bokiti da tsumma tana goge dutsen. Ta ce kullum da safe sai ta tarar wani farin gari ya fito a jikinsa, ta goge, washegari ya dawo. Na taɓa da yatsa na sa a harshe, gishiri ne. Ta ce dattijon ya bugo waya, cikar ran Talata ta rufe bututun da ya kafa. Sannan ta tambaye ni ko a garinmu ana ajiye tsofaffi a saman bene haka. Na ce a'a, Mama. Ta gyaɗa kai ta ci gaba da gugarta.